Injin Niƙan Kaka Bodil

Yaya Arvilla ta ce kowa a gidanmu ya rubuta abin da ya sani game da Kaka Bodil, za a haɗa a littafin zuri'a. Ni ta ce in yi shafi ɗaya kada in wuce, kuma kada in kama sunan kowa. Aji takwas na yi aka cire ni daga makaranta na tafi figar talotalo, don haka ban iya ƙidayar shafi ba. Sunaye kuwa, labarin da ba suna ai miya ce ba gishiri.

A shekarar 1979 mu uku muka rage a 'ya'yan Baba. Arvilla tana da tamanin, Orvel saba'in da shida, sai ni Delpha auta, saba'in da uku. Duk a nan Tabor aka haife mu, kuma an riga an ware mana wuri a maƙabarta a layi ɗaya, ni a tsakiya don in riƙa ji ta kowane ɓangare.

Babu yaron da ya tashi a Tabor bai haddace labarin Kaka Bodil ba. Ta baro Denmark a 1857 da mijinta Anders da ɗansu Niels, wato babanmu, yana ɗan shekara biyu. Daga inda layin dogo ya ƙare suka ɗora kayansu a amalanke, suka ja da hannu mil dubu da ɗoriya har Utah. Kowane babba laba goma sha bakwai aka yarda ya ɗauka, har da bargo da tukunya. Anders ya mutu a hanya aka binne shi a bakin wani kogi ba ko alama, ita ta shiga tsakanin sandunan ta ƙarasa ja. A cikin labobin nan nata, biyu na wani ɗan injin niƙa ne, akwatin katako mai hannun juyawa a sama da 'yar durowa a ƙasa. Yana ɗakin kayan tarihi na garinmu cikin gilashi, da katin da Arvilla ta rubuta da hannunta: “Da wannan Bodil Lauritzen ta niƙa alkama ta ciyar da mayunwata a kan hanyar Sihiyona.” Tun 1947 makullin ɗakin ke hannun Arvilla, ko ƙuda ba ya sauka a kan gilashin nan sai da izininta.

Rabin Tabor in ba Lauritzen ba ne to Madsen ne, shi ya sa kowa da laƙabinsa. Akwai Pete Dogo, akwai Pete Mai Tumaki, akwai Chris Kurma. Namu shi ne Orvel Gahawa. Yana sha bakwai ya koyi sha a wurin makiyayan tumaki a kan dutse, bai ƙara rabuwa da ita ba. Addininmu ya hana gahawa, kuma mai sha bishop ba ya ba shi takardar shiga haikali. Saboda haka a gaban alƙali aka ɗaura aurensa da Neva. Auren alƙali iyakarsa kabari, wanda aka hatimce a haikali shi ke tsallakawa can. Shekara hamsin da ɗaya Neva ta yi tana jiran ya kai ta. Farar rigar da ta ɗinka don ranar, sau uku tana farke ta tana ƙara faɗi saboda jiki ya zo. Duk da haka kullum safe ita ke dafa masa gahawar, ta dire masa ta juya baya. Ni da ita ba mu taɓa shiri ba tun ranar da ta ce burodina za a iya gina ɗaki da shi, amma a kan wannan na sara mata.

Ta rasu a Oktoban 1978. Mun ci dankalin da aka saba dafawa ranar jana'iza, ɗansu ya koma California, muka ce shi ke nan. Sai Lahadi ta biyu ga Orvel a layin baya na coci, da kwat ɗin da ya sa ranar binne ta. Matan da ke gabana wuyansu ya kusa karyewa. Nawa bai karye ba, don na zaɓi kujerar da ake ganin ƙofa ba sai an waiga ba.

Bishop ɗinmu a lokacin Duane Tolman ne, mai kiwon talotalo, ɗan shekara arba'in da ɗaya. Na sha canza masa ƙyalle yana jariri. Ofishinsa bango ɗaya ya raba shi da kicin ɗin coci, ni kuma ina cikin masu wanke kwanoni, abin da na ji ba laifina ba ne.

Orvel ya ce, “Bishop, na makara ko?”

Duane ya ce, “Ba ka makara ba, Ɗan'uwa Lauritzen. In ta cika shekara da rasuwa ana iya hatimce ku, wata mace ta durƙusa a madadinta. Sauran sharuɗɗan ba na jin su a kanka. Abu ɗaya ne, ka san shi. Ka kawo mini wata uku babu ko ɗigo.”

“Wata uku.”

“A jere.”

Abin da Duane bai sani ba, ni kuwa na sani don matar da ke share asibiti ƙawata ce, likita ya gaya wa Orvel zuciyarsa ta zama tsohuwar taya, kada ya sa rai da sanyi biyu nan gaba.

Gidana da nasa 'yar ƙoramar ban-ruwa ce kawai a tsakani, tagar kicin ɗinsa tana kallon tawa. A Janairu ya yi kwana tara bai sha ba. A Maris ya yi sha shida. A Mayu ya kai ashirin da biyu, har na fara guge hulata ta zuwa haikali, sai wata Talata da sassafe iska ta kawo mini ƙamshi. Arvilla ta yi ta kai masa garin gasasshiyar alkamar nan da masu tsoron Allah ke dafawa a madadin gahawa. Ya ce in ruwan wankin takalmi yake so yana da takalmi.

Ranar ashirin da huɗu ga Yuli, bikin tunawa da majagaba, wato kakanninmu da suka fara zuwa nan, aka yi abin da aka saba. Yara suka ja ƙananan amalanke a titi, mata da dogayen riguna da hulunan da, aka gasa talotalo a filin gari. Bayan an ci aka miƙa wa Arvilla lasifika kamar kowace shekara. Ta kawo jirgin ruwa, ta kawo laba goma sha bakwai, ta binne Anders, ta niƙa alkama. A nan take tsayawa kullum a tafa. Ran nan sai ta ƙara.

Ta ce, “Mace ɗaya ta ja amalanke mil dubu da ɗa a kai. Yau a cikin jikokinta akwai wanda ba ya iya ture kofi taƙi ɗaya daga gabansa. Albasa dai ba ta yi halin ruwa ba.”

Ba ta kalle shi ba, amma mutum ɗari uku sun kalle shi a madadinta. Orvel ya ajiye farantinsa a kan benci, ya sa hularsa, ya taka zuwa a-kori-kurarsa ba sauri. Ni dai na ƙarasa namana, don barin sa ba zai gyara kome ba.

Washegari na tsallaka ƙorama. Na same shi a baranda da butar gahawa a kan tebur, a fili, inda duk mai wucewa zai gani.

Na ce, “Yau kuma talla ake yi?”

“Zauna ko ki wuce, Delpha.”

Na zauna. Ya zuba ya kurɓa.

Ya ce, “Na bari. Ba gahawar ba, ƙoƙarin.”

“Saboda bakin Arvilla? Ai tun muna yara haka yake, ko madara ta kalla sai ta yi tsami.”

“Gaskiya ta faɗa. Wata tara ina durƙusawa a gaban gadon nan, ni da ban durƙusa ba tun ina saurayi. Abu ɗaya nake roƙo, Allah Ya cire mini son abin nan daga rai. Bai cire ko ƙwaya ba. Kullum na farka shi ne farkon abin da ke zuwa mini, kafin ma Neva. Kin ji? Kafin Neva. Mutanen kirki in sun tuba ana wanke musu zuciya. Ni an duba an ga ba na cikinsu.”

“Wa ya gaya maka ana wankewa?”

“Dubi Kaka. Irin su aka yi wa haikali, ba irina ba.”

Shekara sittin da biyu ina riƙe da wata magana. Mutanen Tabor ba za su yarda na taɓa riƙe magana ko ta kwana biyu ba, amma ga ta. Ba don kirki na riƙe ba, don fushi ne. Na faɗe ta sau ɗaya a teburin cin abinci ina sha ɗaya, mako guda bayan an binne Kaka, Mama ta wanke ni da mari ta ce ina yi wa mamaciya ƙazafi. Na ce to, ku zauna da alkamarku.

Na ce, “Orvel, injin nan na gahawa ne.”

Ya dube ni ta saman kofi.

Na ce, “Daga ina shida har ta rasu a ɗakinta nake kwana, ni ke ɗaure mata takalmi. Kullum safe sai ta sauko da shi daga kan kanta, ta juya hannun sau ashirin babu kome a ciki, ta jawo durowar ta kai hanci. Ƙwayar gahawa bakwai ne a ciki. Ta shaƙa, ta yi wata magana da Danishanci, harshensu na Denmark, ta mayar. Ita ta gaya mini da bakinta, ranar da aka auna kaya nata ya haura da laba biyu, ta ajiye matashin da uwarta ta cusa mata gashin agwagwa ta ɗauki injin. Shekara talatin da ɗaya tana sha a garin nan, ƙwai take bayarwa a ba ta. Sai da aka gama haikalin kan tudu, tana hamsin da takwas, za ta je a hatimce ta da Kaka Anders, sannan ta bari. A lokacin ma ba a matsa ba kamar yanzu, rabin tsofaffin Denmark suna sha. Ita ta ɗora wa kanta. Ta ce duk abin da ta rasa a hanya ƙwace mata aka yi, wannan kaɗai za ta ajiye da hannunta.”

Ya ce, “Sai aka cire mata son.”

“Na tambaye ta. Na ce Kaka, yanzu kin daina so? Ta ce, yarinya, ko jiya na yi mafarkinta. Tana da tamanin da biyar a lokacin.”

Har na ɗauka maganar ta shigi Orvel. Sai ya yi 'yar dariya.

Ya ce, “Ba ke kika ce matar Chris Kurma ta gudu da mai gyaran rediyo ba? Ashe asibiti ta je a cire mata haƙori.”

“A motarsa ta tafi.”

“Ba ke kika ce Duane zai sayar da gona ba?”

“Ya yi tunanin haka.”

“Na gode, auta. Ƙarya ce mai kyau, ta fi waɗanda kika saba.”

Wannan shi ne sakamakon mai yawan magana, ranar da ya zo da ta gaskiya babu mai saye. Na ce to gani ya kori ji, ya shirya da ƙarfe biyu.

Arvilla tana barci daga ɗaya zuwa uku tun zamanin yaƙi, makullin kuma yana rataye a ƙusa bayan ƙofar kicin ɗinta, ƙarƙashin ƙyallen girki. A Tabor ba a kulle gida. Na shiga da kwanon wake don in an kama ni in ce kawowa na yi, na fito da makulli, da mantuwa na fito da waken ma.

Ɗakin tarihi yana warin tsohuwar takarda da maganin asu. Muka wuce rigar auren wata Madsen, da bindigar da babu wanda ya san mai ita, muka tsaya gaban gilashin. Na ɗaga murfin, na ce masa ya jawo durowar da kansa. Ya jawo. Alkama ce cike, ƙwayoyi masu kyau, an zaɓo su ɗaya bayan ɗaya. Na zazzage su a tafin hannuna na tona, babu ko baƙi ɗaya. Na kai hancina cikin durowar. Sabulu da man goge katako.

Orvel ya miƙo hannu na juye masa alkamar. Da ya zage ni ya fi. Ya mayar da alkamar a hankali kada ta zube, ya rufe, ya karanta katin Arvilla daga farko har ƙarshe kamar bai taɓa gani ba, ya fita.

Ban mayar da makullin a ɓoye ba. Na tarar da Arvilla ta tashi tana shan ruwa a kicin, na dire shi a gabanta tare da kwanon waken.

Ta ce, “Sata kuma, da girmanki?”

“Ina kika kai ƙwayoyin?”

“Waɗanne ƙwayoyi?”

“Yaya, ni da ke ne a ɗakin nan. Babu lasifika.”

Ta ɗauki makullin ta rataye, ta gyara ƙyallen a kansa. Ta ce, “Ban san abin da kike nufi ba. Tun kina yarinya kike da wannan ciwon.”

Na ce, “Likita ya ba shi sanyi ɗaya, in ya yi sa'a biyu. Kin sani?”

Ba ta sani ba. Na gani a bayanta, don ta daina motsi.

Na ce, “Ya ce ya daina ƙoƙari. Ya ce an yi wa irin Kaka haikali, ba irinsa ba, don ita ba ta taɓa son abin da aka hana ba. Ke kika rubuta masa wannan a kati, jiya kuma kika karanta masa a gaban gari. In ya mutu haka, Neva tana can ita kaɗai da rigarta a nan cikin akwati. Ni ba sonta nake ba, amma shekara hamsin da ɗaya ba wasa ba ce.”

Ta ce, “Ɗauki wakenki ki tafi.”

“Waken naki ne, kawo miki na yi.”

“To ajiye ki tafi.”

Kwana biyu ba abin da ya faru, sai ƙamshi da ke tsallako ƙorama safe da rana. A rana ta uku, wajen bakwai na safe, ina shanya sai na hango Arvilla tafe a titi da sandarta, ta rungume wani abu a lulluɓe da tawul ɗin kwanoni. Arvilla ba ta taka ƙafa zuwa gidan kowa, zuwa ake yi wurinta. Na bar zanen gado rabi a igiya rabi a ƙasa na tsallaka.

Na riga ta isa. Orvel yana kicin, buta a kan wuta. Ta shigo ba sallama, ta dube ni ta ce, “Na san ba sai an aika miki ba.” Ta ajiye abin a tebur ta yaye tawul. Injin ne. Ta buɗe jakarta ta fito da wani ɗan gwangwanin maganin tari, ta tura gaban Orvel.

Ya buɗe. Ƙwaya bakwai a kan auduga, sun ƙanƙance sun yi fari-fari kamar kashin akuya na bara. Amma mutumin da ya yi shekara sittin yana niƙa gahawa ba ya bukatar a gaya masa. Ya ɗauki ɗaya ya juya ta, ya ga tsagar tsakiya, ya kai hanci.

Ya ce, “Babu ƙamshi.”

Arvilla ta ce, “Shekara ashirin da tara tana shaƙa. Me kake so ya rage?”

Ta ja kujera ta zauna, ta ɗora hannu biyu a kan sandarta.

Ta ce, “A 1947 manya za su zo daga birni bikin cika shekara ɗari da zuwan majagaba, aka ce kowane gida ya kawo abin kakanninsa. Na jawo durowa na gan su. Me zan rubuta? Cewa kakarmu ta bar matashin uwarta a jeji ta ɗauko abin da aka hana? Gidan Madsen sun kawo Littafi Mai Tsarki da jini a jiki. Na wanke injin da sabulu sau uku. Na kai hannu zan watsa waɗannan a murhu, na kasa. Suna cikin kayan da za a binne ni da su tun ran nan.”

Na ce, “Wato da Mama ta mare ni kin san gaskiya na faɗa.”

“Kafin ke ni na kwana a ɗakin nan shekara huɗu. Kuma sau ashirin da ɗaya take juyawa. Na tabbata ashirin kika ce masa, ba ki taɓa kawo labari daidai ba.”

Orvel ya ce, “Me take faɗa da Danishancin?”

Ni ban taɓa sani ba, Danishancina bai wuce zagi da sunayen abinci ba.

Arvilla ta ce, “Cewa take, ba yau ba, Anders.” Ta gyara zama. “Shi ke nan. Ba yau ba. Kullum.”

Butar ta fara tafasa tana tofar da ruwa a kan murhu. Mu uku muna jin ta. Ni na ƙudura ba zan tashi ba, Arvilla kuwa ko za ta tashi sai an ɗaga ta. Orvel ya miƙe ya sauke, ya tsaya da ita a hannu har na fara jin tausayin hannun. Sannan ya buɗe ƙofar baya ya juye ta a gindin furannin Neva.

Ya ce, “Za ta kashe su ko?”

Arvilla ta ce, “Shekara hamsin tana zuba musu ragowarka, dubi yadda suka yi.” Ta nuna injin da haɓa. “Aro ne. In mutane sun tambaya, yana wurin gyara. Ke kuma Delpha, in na ji wannan a bakin wata—”

“Ni? Wa nake magana da shi?”

Daga ran nan nake jin sa ta taga kullum da ƙarfe shida, ƙurr, ƙurr, injin da ba kome a ciki. Ina ƙirgawa, tunda an ce ban iya kawo labari daidai ba. Wata safiyar ashirin da ɗaya. Wata safiyar a Satumba na ƙirga ɗari biyu da sha huɗu na gaji na bari, shi bai bari ba. Ya rame, ya yi faɗa da mai kawo wasiƙa, ya yi faɗa da karensa, ya ce mini tsohuwar tsegumi sau biyu a gaban mutane. Ƙamshi dai bai ƙara tsallako ƙorama ba, kuma hancina ba ya kuskure ko da bakina yana yi.

Lahadin ƙarshe ta Oktoba na sa kaina a wankin kwanoni ba layina ba ne.

Duane ya ce, “Ɗan'uwa Lauritzen, kana kiyaye dokar abin sha?”

Orvel ya ce, “Wata uku da kwana ɗaya ban sha ba. Amma kada in cuce ka, Bishop, ina son ta yau kamar ranar farko. Yanzu haka da muke magana ina son ta.”

Na matsa kunne har ya taɓa bango.

Duane ya ce, “A takardar nan ba a ce in tambaye ka abin da kake so ba.” Sai na ji ƙarar alƙalami. Daga nan ya ɗaga murya kaɗan ya ce, “'Yar'uwa Delpha, in kin gama da kwanon nan, ki gaya wa matata zan makara.”

Saura wadda za ta durƙusa a madadin Neva. Ba su da 'ya mace, matar ɗansu ba 'yar cocinmu ba ce, gwiwoyin Arvilla kuwa sun daina lanƙwasa tun kafin ɗan Adam ya taka duniyar wata. Orvel ya zo har gida, ya tsaya a ƙofa yana murza hula.

Na ce, “Ka san abin da ta ce da burodina?”

“Gaskiya ta faɗa. Za ki yi ko ba za ki yi ba?”

Rigar Neva na sa. Mutum biyu irina za su shiga su bar wuri, Arvilla ta kama ta da fil goma sha takwas, ɗaya ta soka mini da gangan. Ranar tara ga Nuwamba Duane ya kai mu a motarsa, dusar ƙanƙara ta farko tana sauka a kan tudu. Abin da ake yi a cikin haikali ba a faɗa a waje, kuma ko ni na san inda ake ja wa baki linzami. Abin da zan iya faɗa, hannun Orvel bai yi rawa ba, kuma da aka gama sai da mutum biyu suka ɗaga mu, ni da shi.

Washegari na tashi tun biyar da rabi. Na ce yanzu da ya samu abin da yake nema, bari mu ga halin maza. Na ɗauki kwano kamar mai neman aron ƙwai, na tsallaka, na tsaya a gindin tagarsa. Ƙurr, ƙurr. Na ji an jawo durowa, na ji an mayar.

Ya ce daga ciki, “Ashirin da ɗaya ne, Delpha. Koma gida, akwai sanyi.”

Ya ga sanyin nan, ya ga na bayansa, ya rasu a Afrilun 1981 yana gyaran shinge. Yana kusa da Neva, wurina na nan a gefensa yana jira.

Injin ya dawo daga wurin gyara bayan jana'iza. Katin yana nan yadda yake. Na ce wa Arvilla ko za a ɗan taɓa shi, ta ce babu ƙarya ko ɗaya a ciki, ai da gahawar ta ƙare a hanya Kaka ta niƙa alkama da shi, kuma wanda ya ci mayunwaci ne, Baba ne. Amma ranar da na je taya ta shara na jawo durowar da ta juya baya. Alkamar tana nan, ƙwayoyin suna ƙarƙashinta. Na ƙirga shida. Na tambaye ta ina ɗayar, ta ce ita ta sa wa Orvel kwat a akwatin gawa, kuma abin da ke aljihun mutum ba ruwan kowa da shi.